Ta Ce Lakwal

Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da makullin ɗakin ajiyar takardu a sakatariyar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin masarautar Daura. Ba zan faɗi wacce ba, domin abin da zan ba da labarinsa zai iya aukuwa a kowaccensu, kuma ba na son sauran su ɗauka ba da su ake ba. Aikina shi ne rajista, da fayil, da rubuta abin da aka tattauna a zaman kwamiti. Tun ranar da na kama aiki na kafa wa kaina ƙa'ida guda: abin da mutum ya faɗa shi nake rubutawa, ba na gyara masa, ba na rage masa, ba na kuma yi masa ado. Shugabanni da dama sun zo sun tafi suna jin haushina a kan wannan, ni kuwa ina alfahari da haushin nasu.

Cikin takardun da ke ratsa teburina babu wadda na tsana kamar takardar shaidar asali, wadda kowa ke kira indijin. Ita ce ke cewa wane ɗan wannan ƙaramar hukuma ne, kuma idan babu ita yaro ba ya samun gurbin karatu ko aikin gwamnati. Ra'ayina a kanta bai sauya ba. A ƙasa irin tamu, inda iyaka ta ratsa ta tsakiyar gonaki, inda mutum kan yi sallar asuba a Nijeriya ya yi noma a Nijar ya dawo azahar gida, takardar nan sanda ce aka miƙa wa mai mulki ya daki wanda ya ga dama. Idan zaɓe ya matso, ba a tambayar kowa inda aka binne kakansa, mota ma ake aikawa a ɗauko shi. Sai an zo rabon wani abu mai amfani ne ake tuna cewa akwai baƙi a cikinmu.

A shekarar da nake magana, lokacin an rufe iyaka, an kawo wani shiri na horar da 'yan matan karkara aikin ungozoma. Za a kai su makaranta a ciyar da su, su gama su koma ƙauyukansu su yi aiki. Ƙaramar hukumarmu ta samu 'yan guraben da ba su taka kara sun karya ba, kuma sharaɗi shi ne kowace yarinya ta haɗa da indijin kafin ranar rufewa. Aka naɗa kwamitin tantancewa, wani kansila ya zama shugaba, ni kuma magatakarda.

Kansilan nan mutum ne mai fara'a, mai saurin barkwanci, irin waɗanda ba a gane sun yanki mutum sai an ga jini. Ana ce masa Honarabul, shi ma haka yake kiran kansa.

Ranar tantancewa wata yarinya ta shigo tare da mahaifiyarta, daga wani ƙauye da ke daf da iyaka. Takardunta suna cikin leda a jere, ta fitar da su ɗaya bayan ɗaya: sakamakon jarrabawa da ya fi na duk waɗanda muka gani a ranar, da wasiƙar dagaci, da hatimin hakimi a kanta. Uwar ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaida kowa, har da ni da ke gefe. Mace ce doguwa, hannuwanta duk kanta saboda surfe.

“Ina uban yarinyar?” in ji Honarabul.

“Ya rasu, Yallaɓai. Bana damina huɗu ke nan.”

“Allah ya jiƙansa. Ba shi da ɗan'uwa namiji da zai rako ta?”

“Akwai ƙanensa. Yana gona.”

Kowa a ɗakin ya san ƙanen. Shi ne wakilin jam'iyyar adawa a rumfar zaɓen ƙauyensu, wanda ya tsaya kai da fata sai an ƙirga ƙuri'u a gaban jama'a, kuma a rumfar nan Honarabul ya sha kaye. Daga baya na ji cewa da gangan ƙanen ya ƙi zuwa, yana tsoron fuskarsa ta ɓata wa 'yar wansa lamari, shi ya sa ya turo uwar.

“Yana gona,” Honarabul ya maimaita yana murmushi. “Ranar zaɓe ai bai je gona ba. To, yau ga ranar ƙirga tamu ta zo.” Ya ɗora tafinsa a kan littafina. “Magatakarda, wannan hira ce, ba ta rubutawa ba.”

Na ɗaga alƙalami. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin ni na daɗe ban riƙe shi ba.

Sannan ya juya ga uwar da murya mai taushi. “Inna, ke kika sa ta boko?”

Fuskarta ta washe, don an taɓo abin da take taƙama da shi. “Ni da marigayi, Yallaɓai. Tun tana shekara shida muka sa ta lakwal. Ko ranar kasuwa ban taɓa ɗora mata talla ba, na ce ita dai lakwal.”

Lakwal ita ce kalmar mutanen Nijar ta makarantar boko. A ƙauyukan bakin iyaka kuwa tsofaffi da yawa haka suke faɗa, ko an haife su a nan ko a can, domin kasuwa ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha. Duk wanda ke ɗakin ya san haka.

“Kuka sa ta me?” in ji Honarabul.

“Makaranta take nufi, Yallaɓai,” yarinyar ta yi sauri ta ce.

“Ba ke na tambaya ba, likita. Inna, maimaita mana. A'a, ba Inna ba, ashe Madam ce muka bari a ƙasa. A kawo wa Madam kujera! Banjur, Madam!”

Sauran 'yan kwamitin suka kwashe da dariya. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne ita ma ta yi dariyar. Ta ɗauka wasa ne irin wanda ake yi a kasuwar Mai'aduwa tsakanin mutanen nan da na can, wanda ake mayar wa mutum da martani a rabu ana raha. Ta gyara mayafi ta ce, “Kai, ɗan nan, ku ma mutanen Ingila ai kuna da naku. Wa ya koya muku cewa fensir?”

“Gaskiyarki, Madam. To ke a ina aka haife ki?”

“A Faransa mana. Amma daga bayan gidanmu na aure ana hango kukar garinmu. Kafin tuwo ya huce na je na dawo.”

Haka tsofaffinmu ke magana tun zamanin Turawa: nan Ingila, ƙetaren iyaka Faransa. Matar ba ta taɓa wuce Matamaye ta Nijar ba a rayuwarta. Na ga yarinyar ta runtse ido.

“Magatakarda, ka ji? Rubuta.”

“Honarabul,” na ce, “asali ta wajen uba ake binsa. Inda aka haifi uwa ba ya cikin abin da aka ce mu duba.”

“Na ce ka rubuta doka? Abin da baiwar Allah ta faɗa da bakinta za ka rubuta. Ko ba kai ba ne mai ƙa'idar nan da ka ishe mu da ita?”

Na rubuta. Na rubuta cewa mahaifiyar mai nema ta ce sun sa ta lakwal, kuma ta ce an haife ta a Faransa. Ban rubuta ƙorafina ba, domin magatakarda ba ɗan kwamiti ba ne, maganarsa ba ta shiga littafi. Ban rubuta ma'anar kalmomin ba, domin ba wanda ya faɗe ta. A raina ina cewa duk mai hankalin da ya karanta shafin nan zai ga wautar kwamiti da kansa. Aka yanke cewa akwai shakka a kan asalin yarinyar, a dakatar da takardarta sai an yi bincike. Uwar ta fita tana godiya, tana tsammanin an gama. Kwana goma suka rage a rufe.

Ban zauna ba. Ranar Asabar na hau babur na tafi ƙauyen, na nemi hedimastan firamare, muka buɗe wani akwatin ƙarfe da gara ta fara shiga. A cikin tsohuwar rajistar ɗaukar ɗalibai na sami sunan uban yarinyar, da sunan kakanta a gurbin mahaifi, da unguwarsu, da rubutun wani malami da ya rasu tun ina saurayi. Hedimasta ya ba ni aron littafin bisa amana. Na naɗe shi a rawani na kawo shi, ina jin kamar na ɗauko hujjar da ba mai iya musawa.

Litinin na shiga wajen Sakataren ƙaramar hukuma, wanda sa hannunsa ne ke kan kowace indijin. Ajinmu ɗaya da shi a sakandare, kuma ba mugun mutum ba ne. Matsoraci ne, kuma na ga matsorata sun yi ɓarnar da mugaye ba su yi ba. Ya duba rajistar a natse, sannan ya jawo littafin zaman kwamiti ya buɗe.

“Wannan rubutun wane ne?”

“Nawa ne.”

“Akwai ƙarya a ciki?”

“Babu.”

“To, Malam, ka dube ni da kyau. An rufe iyaka, kullum ana ja mana kunne a kan ba baƙi takarda. Na sa hannu yau, gobe mutumin nan ya ɗauki hoton shafin nan da waya ya tura Katsina. Wanda zai karanta a can bai san kukar garinsu ba. Faransa zai gani, da rubutun mutumin da kowa ya san ba ya ƙarya. Da wani ne ya rubuta, da na ce shirme ne. Naka ne ya ɗaure ni.”

Ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya rage murya.

“Ba a sa wa shafin hannu ba tukuna. Cire shi ka sake rubutawa. Inda ta ce lakwal ka sa makaranta, ai fassara ce. Zancen Faransa ka bar shi, tunda kai da kanka ka ce ba ya cikin abin dubawa. Shi Honarabul ba ya karanta abin da ya wuce layi biyu. Ka kawo mini kafin la'asar, yau ɗin nan zan sa hannu.”

Na ce masa ban taɓa cire shafi daga littafin hukuma ba, kuma ba zan fara ba. Na ce ranar da na cire shafi don yarinyar da nake tausayi, gobe wani zai sa ni in cire don ɓarawon da yake tsoro, kuma ba ni da bakin ƙi. Na ce akwai hanya ta ƙa'ida: in rubuta ƙarin bayani, in haɗa da rajistar makaranta, kwamiti ya sake zama ya amince. Na yi maganar da kyau ƙwarai. Har na ji daɗin yadda jimlolin suka fito.

“Wa ke kiran zaman kwamiti?” ya tambaye ni.

“Shugaba.”

“To, Allah ya ba da sa'a.”

Na rubuta ƙarin bayanin shafi uku, na kai wa Honarabul da hannuna. Ya karɓa da hannu biyu, ya yaba rubutuna, ya sa zama ranar Laraba. Ranar Laraba aka ce ya tafi gaisuwar mutuwa. Na bincika ina, aka ce Magarya, cikin Nijar, wajen dangin mahaifiyarsa, ta hanyar da babura ke bi a bayan shingen jami'ai. Ya dawo ya mayar da zaman Litinin. Ranar rufewa kuwa Juma'a ce.

Har safiyar Juma'ar shafin yana nan ba a sa masa hannu ba, Sakatare kuma yana ofishinsa. Littafin yana cikin durowata, reza tana cikin gwangwanin alƙalumana. Wajen ƙarfe goma yarinyar ta yi sallama a ƙofar ɗakin ajiya, ita kaɗai, da ledarta. Magana ba ta ɓuya a sakatariya, wani ya riga ya gaya mata komai.

“Baba, an ce kalma ɗaya ce.”

“Biyu ne, 'yata.”

“Kun san abin da take nufi da su?”

“Na sani.”

“To me ya hana ku rubuta abin da take nufi?”

Na yi mata bayanin amanar rajista. Na ce littafin hukuma shaida ne ga waɗanda ba a haifa ba, na ce da malamin da ya rubuta sunan mahaifinta yana gyara abin da ya ga dama, da rajistarsa ba ta amfane mu ba yau. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba.

“Ta amfane mu?” ta ce.

Ta gyara riƙon ledarta, ta ci gaba.

“Kuma da Honarabul ya yi zancen baffana da zaɓe, ba ku rubuta ba. Ina wurin, na ga kun ɗaga biro.”

“Ya ce hira ce.”

“Ita ma Inna hira take yi, Baba.”

Ta tsaya kaɗan ko zan ce wani abu. Na dubi durowar, ban buɗe ta ba. Ta ce, “Allah ya ƙara girma,” ta fita. Aka tafi masallaci, aka dawo, aka rufe.

Gurbin ya tafi ga wata yarinya daga dangin matar Honarabul. Ni na buɗe mata fayil, kuma takardunta sun cika, wannan ba zan ɓoye ba. Shirin ungozomar bai sake dawowa ba, daga wannan ɗauka aka daina.

Na sha juya abin nan a raina, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na tuba daga ƙa'idata ba. Har gobe ina ganin cire shafi cin amana ne, kuma rabin masifar ofisoshinmu daga masu reza take. Ina kuma nan a kan cewa babban laifi na wanda ya mayar da takardar asali abin ramuwa ne, da tsarin da ya ba shi dama, da mu masu ilimi da muke zagin tsarin a majalisa da yamma mu buga masa hatimi da safe. Amma yarinyar ta kama ni a inda ban taɓa duba kaina ba. Littafin da na ƙi taɓawa don kada ya zama ƙarya, tun a ɗakin tantancewa ya zama ƙarya. Na rubuta maganar mai rauni harafi da harafi, na ɗaga alƙalami a kan maganar mai ƙarfi saboda ya ɗora hannu. Shekara ashirin ina yin haka ina kiransa gaskiya. Ko a ranar Juma'ar ina iya ƙara layin da na tsallake, in rubuta abin da ya faɗa game da zaɓe, in bar Katsina ta karanta duka. Wannan bai saɓa wa ƙa'idata ba ko kaɗan. Bai zo mini a rai ba sai bayan watanni, kuma na san dalilin da ya sa bai zo ba.

Da zaɓe ya sake matsowa, sai ga umarni cewa a saki duk takardun asali da aka dakatar, domin jama'a na ƙorafi. Kwamiti ya zauna minti biyar ya amince da ƙarin bayanina ba tare da an karanta shi ba. Honarabul, wanda yanzu yake neman kujerar da ta fi ta kansila, ya ce a tabbatar an kai wa mutanen ƙauyen nan tasu har gida, a kuma gaya musu wanda ya tsaya musu. Na ce ni zan kai.

Na sami uwar a tsakar gida tana sheƙar gero. Ta gane ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na tambayi yarinyar, ta ce tana garin Babban Mutum, tana tsaron kemis ɗin wani mutum, tana miƙa wa mutane maganin ciwon kai. Ta ce ba ta cika zuwa gida ba, idan ta zo ma ba ta doguwar magana da ita.

“Ta ce ba laifina ba ne,” in ji ta. “Amma ni na san bakina ne ya jawo. Da na yi shiru kamar yadda baffanta ya ce.”

Na ce mata ba ta faɗi komai ba sai gaskiya. Ta dube ni kamar na yi wani yare. Na miƙa mata takardar, ta goge hannu a zane ta karɓa, ta juya ta sama da ƙasa.

“Yanzu da wannan sai ta tafi?”

“An rufe, Inna. Tun bara.”

“To ta mece ce?”

“Shaida ce cewa ita 'yar nan ce.”

“Ai mun sani,” ta ce. Ta shiga ɗaki ta sa ta ƙarƙashin kwanonin jerenta, ta fito.

Ƙa'ida ce duk wanda ya karɓi takarda ya dangwala yatsa a littafin bayarwa. Na buɗe littafin a kan gwiwata, na fitar da tawada da biro. A daidai lokacin ƙaramar 'yarta ta shigo da jakar littattafai, ta gaishe ni ta wuce. Don in sassauta zaman na ce, “Ita ma tana karatu ke nan?”

“Tana yi, Malam. Kullum da safe sai ta tafi lak—”

Ta datse. Idonta ya sauka a kan biron da ke hannuna, ya koma kan littafin da ke buɗe. Ta ja yatsanta baya daga tawadar, ta ɓoye hannun cikin mayafi.

“Makaranta na ce,” ta faɗa a hankali. “Ka ji ai, Malam. Makaranta na ce. Don Allah kada ka rubuta.”